Dattin gilashi ɗan gida ne

Kwanakin baya akwai wani shago a nan Gombe, ta wajen Jekadafari, da ƙofar gilashinsa ta tarwatse da tsakar dare ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Ba ɓarawo, ba jifa, ko iska babu a daren, mai gadi yace yana zaune kan bencinsa kawai yaji ƙara kamar taya ta fashe, da ya haska tocila sai ya tarar ƙofa ta zube ƙasa tsaki-tsaki kamar ƙanƙarar da aka daka. Kafin azahar labari ya gama zaga layin, wannan yace baki ne, wancan yace ai dama tunda aka buɗe shagon nan ake sa mishi ido, wata baba mai kunu har da shawarar a turara wurin kafin a ɗaura sabuwa. Ni dai ban yi musu da kowa ba, neman tsari ba ya ɓaci, amma da yake kemistiri nake koyarwa a sakandare sai abin ya tsaya min a rai, ruwa ai ba ya tsami banza.

Da yamma na biya wajen wani abokina mai yankan gilashi da haɗa tagogin alminiyam a bakin babbar kasuwa na ba shi labari. Dariya yayi yace, "Malam, ai wani gilashin da ciwonsa yake zuwa tun daga kamfani." Ya jawo wani falle daga cikin waɗanda ya jingine gefe guda, ya ɗaga shi saitin rana yace in duba. Sai da na ƙanƙance ido sannan na hango wani ɗan farin ɗigo bai kai ƙwayar gero ba, can cikin naman gilashin yake ba a sama ba, ko ka kwana kana goga da tsumma ba zai fita ba. Gefensa kuma wasu 'yan kumfa guda uku a jere kamar an ja su da zare. Shi ƙurji yake ce musu, yace in daimon ɗinsa ya bi ta kan ƙurji to yankan ba zai tafi daidai ba, sai ya kauce ya ɓata mishi falle guda. Shi a tunaninsa ƙura ce ko tsakuwa ta faɗa daga waje saboda sakacin leburori. Yawanci ba haka bane. Ƙurjin nan ɗan gida ne, daga cikin kayan haɗin gilashin ko jikin tanderun da ake dafa shi yake fitowa, kuma masu sana'ar nan sun fi shekara 3000 suna fama da shi.

Gilashi dai yashi ne da aka narkar. Matsalar ita ce yashi zalla ba ya narkewa sai wuta ta haura digiri 1700, ba murhun itace ko zuga-zugin maƙeri da zai kai can. Sai mutanen dauri suka gano in ka cuɗa yashin da kanwa ko tokar wasu tsirrai sai ya sauko ya narke a zafin da ɗan adam zai iya hurawa. Kaga inda kanwa ta ci sunanta na uwar gami kenan, abin da take wa wake a tukunya ta sa ya nuna da wuri, kusan shi take wa yashi. Rumawa daga wani kwari a Masar suke ɗebo tasu, Wadi Natrun, kuma dangin kanwar nan ce da ake kawo mana daga yankin tafkin Chadi. Yanzu kamfanoni ba sa zuba ɗanyar kanwa, tatacciya suke sawa wadda ake ce wa soda, amma aikin bai canza ba. Na ukunsu shine dutsen farar ƙasa, irin wanda ake fasawa a Ashaka ana siminti, shi aikinsa ya ɗaure gilashin kar ruwa ya cinye shi, don in ka haɗa yashi da soda su kaɗai abin da za ka samu narkewa yake a ruwa kamar alewa. Gilashin tagarka da kwalbar lemon da kake sha duk lissafin kusan ɗaya ne, wajen kashi 72 cikin 100 yashi, soda wajen 14, farar ƙasa wajen 10, sauran 'yan tarkace, a dafa a digiri 1500 ko sama da haka kaɗan.

To da zarar an zuba wannan haɗin a wuta rigima ta fara. Soda da farar ƙasa dukkansu da iska a ɗaure a jikinsu, irin iskar nan da ke tasowa in ka buɗe lemon kwalba, zafi na taɓa su sai su sake ta. Ba kaɗan ba fa, in ka zuba kilo 1200 na kaya gilashin da za ka kwasa wajen kilo 1000 ne, sauran ya bi iska. Yanzu ka auna a ranka wannan iskar duk tana neman hanyar fita ta cikin abu mai kauri kamar zuma. Manyan kumfa su yi sama da sauri su fashe, ƙananan kuwa tafiyar hawainiya suke, wata sai ta kwana bata kai sama ba, irinsu ne ukun nan da abokina ya nuna min. Waɗanda suka kai saman ma ba duka ke fashewa ba, sai su taru su yi bargo a kan narkakken gilashin, bargon nan kuwa tsagwaron asara ce, saboda a tanderun zamani daga sama wuta take dukan gilashin, kumfa ta shiga tsakani ta mayar da zafin ya koma yana cin rufin tanderu alhali ƙasa bai dahu ba. Kana ƙona gas kana gasa bulo.

Amma ba kumfa ce ta fi ba mutanen da wahala ba. Duk wanda ya taɓa lasar kanwa ya san ba abu ɗaya bace, akwai gishiri-gishiri a ciki akwai ɗaci-ɗaci, shi ya sa iyayenmu mata suke bambance ungurnu da jar kanwa tun a wajen saye. Abin da ke narkar da yashi a cikinta wani ɓangare ne kawai, sauran akwai gishirin miya zalla, akwai kuma wani gishirin mai farar wuta a jikinsa da muke ce wa salfet. Tokar itace ma haka take, ko ma ta fi. Shi kuma narkakken gilashi yana da iyakar abin da zai iya shanyewa, kamar yadda in ka cika sikari a shayi saura ke kwanciya a gindin kofi. Na gishirin miya zai sha kusan kashi 1 cikin 100, na salfet ko rabin haka da ƙyar. Bambancin kawai a nan rarar ba ƙasa take yi ba sama take yi, don gilashin ya fi ta nauyi, kuma tun a digiri 884 salfet ya riga ya zama ruwa tsululu. Sai ka ga wani ruwa-ruwa yana yawo a kan gilashin kamar yadda mai ke tasowa kan miya, in ya huce ya daskare ya zama wani farin dunƙule mai ratsin toka, ga ɗaci. Turawan Ingila na da sunan da suka laƙaba mishi ma'anarsa maɗaciyar gilashi, Faransawa kuma suka ce maiƙon gilashi, irin maiƙon nan na gashin tunkiya. Mu abin da muke da shi mafi kusa shine kashin maƙera, abin da wuta ta ƙi ci ta tofar. Abin dariyar ma shine kashin maƙera shi kansa wani irin gilashi ne, yashi da tokar da suka narke a gefen ƙarfe. Wato abin da maƙeri ke zubarwa gilashi ne, abin da mai gilashi ke zubarwa kuma gishiri.

In ka taɓa tsayawa wajen masu dafa mazarƙwaila ka ga yadda mutum guda aikinsa kenan, yana tsaye da ludayi mai dogon hannu yana kwashe kumfar ruwan rake yana watsarwa, to haka masu gilashi na da suke yi, sai dai nasu ludayin na ƙarfe ne kuma zafin ba a magana. In aka yi sakaci aka ɗebo gilashi da ɗigon gishirin nan a jiki, kofin zai fito da farin tabo ko hazo-hazo. Ga shi yana cin tukunyar yumɓun da ake dafawa a ciki, daidai layin da ya tsaya nan za ka ga ta zaizaye. Mafi haɗari kuma haɗuwarsa da ruwa. Gilashi mai kauri in ya faɗa ruwa tsattsagewa kawai yake, amma wannan da yake tsululu ne sai ya cakuɗe da ruwan, ruwan ya zama tururi lokaci guda, abin ya tashi kamar bam, har yau in za a zuƙe tanderu a kamfani ana kiyaye wannan sosai. Wata dabarar da ta burge ni ita ce ta zoben yumɓu, a jefa shi ya yi ta iyo a saman tukunya, a share cikin zoben tas, a riƙa ɗibar gilashi daga nan, datti yana ta zagaye a waje ba hanyar shiga. Abin da aka kwashe ɗin ma ba zubarwa ake ba, ana sayar wa masu narkar da ƙarafa, har cikin magunguna an sa shi a Turai a wancan zamanin, kamar dai yadda mu ma ba a rasa kanwa a haɗin maganin gargajiya.

Mutanen Benis a Italiya, waɗanda tun 1291 hukuma ta tattara masu gilashinsu ta kai tsibirin Murano, su suka ce to me zai sa mu jira datti ya taso, mu tare shi tun a toka mana. Sai suka riƙa jiƙa tokar su tafasa su tace su bar ruwan ya ƙafe, su kwashe farin gishirin da ya rage, duk macen da ta taɓa tatar ruwan toka don sabulun salo ta san aikin nan. Yashin ma ba na kowane rafi ba, fararen duwatsu ake tsinto musu daga kogin Tichino a daka. Wajen tsakiyar ƙarni na 15 suka fitar da gilashi garau kamar ruwan sama wanda duk Turai aka yi ta rububinsa, daga baya wani limamin coci a Fulorans, Antonio Neri, ya rubuta hanyoyin a littafin da ya fitar a 1612. Sai dai a nan gizo yake saƙa. Tacewar nan ba gishirin banza kaɗai ta cire ba, har da farar ƙasar da ke cikin tokar, wadda su ba su ma san tana wani aiki ba, a ganinsu duk datti ne. Sai ga wasu kofunan da aka yi da tatacciyar toka sun kama ciwo, su riƙa gumi su kaɗai a cikin kabad, daga baya jikinsu ya yi tsaga-tsaga ƙanana kamar faso a ƙafa lokacin hunturu. Har yanzu gidajen tarihi a Turai jinyar irin waɗannan kofuna suke. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Kar kuma wani ya ɗauka duk labarin na Turawa ne. A Ile-Ife, wani wuri da ake kira Igbo Olokun, masu tonon tarihi sun haƙo tukwanen narka gilashi da dubban duwatsun ado da aka yi tsakanin ƙarni na 11 zuwa na 15, kuma awo ya nuna haɗin nasu daban yake da na sauran duniya, da kayan ƙasarsu suka yi abinsu. A Bida kuma har gobe akwai unguwar Masaga, masu awarwaro da tsakiyar gilashi, da suke cewa kakanninsu daga Masar suka taso. Asalin gilashinsu baƙi ne, bikini suke ce mishi, yashi da kanwa ake dafawa kwana da kwanaki, baƙin gilashi kuwa yana da rufin asiri, tabo da yawa a ciki yake ɓuya. Da kwalabe suka yawaita sai suka koma narka fasassun kwalabe, kuma ni ban ga laifinsu ba, kwalba ai gilashi ce da wani ya riga ya sha wahalar tace ta.

Yanzu ga inda abin yake ɗaure wa ɗalibaina kai duk shekara. Da aka samu tatacciyar soda ta kamfani, musamman bayan hanyar da Ernest Solvay ya fito da ita a Beljiyam a shekarun 1860, sai ka zaci shikenan an rabu da datti. Ina. In ka dafa yashi da soda mai tsabta tas wani dattin ne daban zai taso maka. Ƙwayoyin yashin da basu gama narkewa ba kumfa take manne musu ta ɗago su sama kamar yadda gora ke ɗaga mai iyo, a saman kuma wuta tana ta ƙone sodar da ke fuskar gilashin tana tashi a hayaƙi, to yashi ya hau inda babu mai narkar da shi, sai ya taru ya yi wani farin ɓawo, ɓawon nan in ya gutsure ya bi gilashi ya fita shine irin farin ɗigon da na gani a kasuwa. Kuma ka san maganin? Salfet. Wannan dai gishirin da kakanninsu suka yi ɗaruruwan shekaru suna kwashewa da ludayi, yau da kuɗi ake sayo shi a auna a zuba, 'yan kilo kaɗan a kowane tan na yashi. Da yake tsululu ne sai ya shiga tsakanin ƙwayar yashi da kumfa ya raba su, yashin ya jiƙe ya narke. Sannan in zafi ya haura wajen digiri 1400 sai shi kansa ya fara rushewa yana sakin tasa iskar, iskar nan ta kutsa cikin ƙananan kumfan da suka maƙale ta kumbura su, su yi girma su taso da gudu, a hanya su kwashi 'yan uwansu. Da ɗan gari akan ci gari, kumfa ake turawa ta kamo kumfa.

Amma awonsa kamar na kanwa ne a miyar kuɓewa, kaɗan ta kawo yauƙi, hannu ya zarce miya ta ɓaci. In salfet ya yi kaɗan ga ɓawon yashi ga ƙananan kumfa, in ya yi yawa maɗaciya ta dawo ko kuma sabon bargon kumfa ya rufe tanderu karo na biyu. Shi ya sa ake haɗa shi da ɗan garin gawayi don ya taimaka mishi ya rushe da wuri kar ya taru, tun can da ma in maɗaciya ta yi yawa itace ko gawayi ake jefa mata ta ƙone. Gawayin shi ma in ya zarce, farar wutar ta haɗu da ƙarfen da ke cikin yashi, gilashi ya rine ya koma ruwan ƙasa. Ga mai neman farin gilashi wannan masifa ce, amma kwalbar maganin tari da ta malt da gangan ake musu haka, saboda launin yana tare hasken da ke lalata abin da ke ciki, kaga ciwon wani ya zama kasuwar wani. Ƙarfen nan ne kuma ya sa in ka kalli gefen gilashin lubas za ka gan shi kore-kore. Mutanen dauri wani ma'adini da ake ce wa manganis suke zubawa ya kashe koren, har suna kiransa sabulun mai gilashi, sai daga baya aka lura gilashin in ya yi shekara da shekaru a rana sai ya juye ya koma launin shunayya.

Tanderun zamani ba a tsayawa kansa da ludayi. Wani ƙaramin dam ne na bulo mai jure wuta, yana ɗauke da ɗaruruwan tan na narkakken gilashi, in aka kunna shi ba a kashewa sai bayan shekara 10 ko 15. A na kwalabe gilashin ba ta sama yake wucewa ba, wani rami ne can ƙasan bango da suke kira maƙogwaro, kamar tulun da aka huda ta gindi, na ƙasa mai tsabta ya wuce na sama ya tsaya yana kallo. Sai dai bangon shi kansa gilashin yana lasarsa a hankali dare da rana, guntun bulo ya ɓalle ya faɗa ya zama ƙurji, wani ya narke rabi ya bar jijiya, irin layin nan da ke karkatar da abin da kake hangowa ta cikin kwalba. Gilashin taga kuwa tun 1959 da Alastair Pilkington ya bayyana hanyarsa a Ingila, kwarara shi ake a kan narkakkiyar kuza, irin kuzar da aka yi ta haƙa a Jos, ya shimfiɗu sumul da kansa. To ita ma kuza da nata dattin, iska na taɓa ta sai ta yi ɓawo irin wanda masu tukunyar alminiyam ke kwashewa kafin su zuba a ƙasa, don haka ake rufe wurin ruf a cika shi da iskar naitirojin da 'yar ta haidirojin.

Akwai dai dattin da ke zuwa daga waje, ba zan ce babu ba, kuma mafi yawansa fasassun kwalabe yake biyowa. Kamfanoni na son su don suna narkewa da wuri, kowane kashi 10 cikin 100 da ka zuba yana rage maka kuɗin wuta da kashi 2 zuwa 3. Amma guntun kofin tangaran ɗaya in ya ɓuya cikin buhun 'yan bola jari ba zai narke ba, haka zai fito a jikin kwalba. Murfin alminiyam ya ƙwace iskar da ke jikin yashi ya bar wani ɗan ƙwallo mai tauri, dalma kuma ta nutse ƙasa ta yi ta huda gindin tanderu kamar gara.

Wanda ya fi su duka mugunta kuma ya fi su ƙanƙanta shine nikel, ƙarfen da ke cikin kwanon silba. Ɗan ɓurɓushinsa ya goge daga jikin inji ko motar da ta ɗauko kaya, ya faɗa tanderu ya tarar da farar wutar da mu da kanmu muka zuba a matsayin magani, su haɗu su yi wani ɗan ƙwallo da bai kai rabin milimita ba. A gilashin taga na yau da kullum zai yi zamansa har abada ba ruwansa da kowa. Amma gilashin ƙofa irin na shagon nan gasa shi ake ya haura digiri 600 sannan a buga mishi iska mai sanyi lokaci guda, fatarsa ta ɗaure cikinsa ya zama a miƙe kamar kalangun da aka ja wa tsirkiya, wannan ne ƙarfinsa kuma shi ya sa in ya fashe yake komawa tsaki maimakon wuƙaƙe. Sanyin gaggawar nan yana kama ɗan ƙwallon a tsuke, a siffarsa ta lokacin zafi, sai ya yi ta komawa siffarsa ta sanyi a hankali, wata da watanni ko shekaru, yana kumbura da kashi 2 zuwa 4 cikin 100. In a tsakiyar naman gilashin yake, ranar da ya gama miƙa ƙafa ranar ƙofa za ta tashi, ko da tsakar dare ne ba kowa a wurin. Alamarsa in an duba inda fashewar ta faro za a ga gutsure biyu manya a manne kamar fukafukan malam-buɗe-littafi. Manyan kamfanoni kan sake gasa irin gilashin nan na wasu awanni a wajen digiri 260 zuwa 290 don mai ciwon ya fashe tun a hannunsu, amma da kuɗinsa, mu kuma a nan mai araha muke tambaya. Gaskiya kuma sau da yawa ba ma nikel ɗin bane, gefen gilashin ne ya ɗan ɓantare wajen sauke kaya, ko aka matse shi a firam ba roba, zafin Maris da Afrilu na Gombe ya yi ta miƙa ƙarfen yana sakewa har abin ya kai maƙura.

Wannan duk shi ya sa nake ɗan murmushi in na ji ana cewa muna da yashi, ga farar ƙasa a Ashaka, ga jifsam a Nafada, ga farin yumɓu a Alkaleri, ga kanwa a Borno, me ya hana mu kamfanin gilashi. Ina son maganar wallahi, amma samun kayan ba shine aikin ba. Yashin kwarurukanmu jan nan da kake gani a jikinsa tsatsa ce, farin gilashi kuma yana son yashin da ƙarfensa bai kai kashi 1 cikin 1000 ba, sai an wanke an tankaɗe an bi da maganaɗisu. Kanwa buhun yau daban na gobe daban, mai tanderu kuwa so yake abin da ya auna jiya shi zai auna yau, in ba haka ba maɗaciya ta taso mishi. Kenya sun fi shekara 100 suna tace irin wannan kanwar a tafkin Magadi suna sayar wa duniya soda, mu har yanzu a dunƙule muke sayar da tamu a faranti. Ga wuta, tanderun da ba ya son a ɗauke mishi ko na yini guda, in ya huce gilashin ya daskare a ciki to an yi asarar tanderun ma gaba ɗaya, ba banza ba kamfanin Beta Glass ya zauna a Ughelli da Agbara inda gas ke kusa. Megawat 40 na wutar dam ɗin Dadin Kowa da rijiyoyin mai na Kolmani da aka ƙaddamar a 2022 suna sa mutum ya yi fata, amma ni da za a tambaye ni, da wankin yashi da tace kanwa da ware kwalabe launi-launi zan ce a fara, ga yaranmu da ke karanta fasahar gilashi a ABU Zariya suna gamawa suna komawa sayar da data.

Da na gama zuba duk wannan bayanin abokina yana ta aikinsa, ya ɗora fallen mai ƙurji a tebur ya auna, ya ja daimon ta hagu ya ja ta dama ya ɓalle, ƙurjin ya tafi a wani siririn yanki ya jefa a bokiti, sauran ya fitar da lubas shida. Na ce mishi da za mu je shagon mu nemi malam-buɗe-littafin nan a cikin tarkacen. Yace, "Haba Malam, ai tun da safe yara suka share suka kai bola." Ya ɗan yi shiru yana goge hannu, sannan yace gobe ma shi aka kira ya je ya auna sabuwar ƙofa, kuma mai shagon ya riga ya ce mishi ta wancan kuɗin yake so, kar ta wuce.